Kamfani Yana Ganin Abin da Nake Yi a Kwamfuta? Tambayoyi da Amsoshi Ga Ma'aikatanmu a Saudiyya

Waɗannan tambayoyin su ne kullum suke dawowa a tsakanin 'yan'uwa masu aikin ofis a nan Saudiyya, da masu zaman risafshan a otal-otal ɗin Makka da Madina, da ma'aikatan kamfanonin Umra a Jidda, har da masu aikin asibiti da sito a Riyad da Dammam. Wani a majalisa zai tambaya bayan Isha, wani kuma sai tsakar dare zai turo saƙo hankali a tashe don mudir, wato manaja, ya ce yana son ganinsa da safe. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Ni dai ɓangaren kwamfuta nake, in magana ta kai gaban alƙali sai a nemi lauya.

Wai da gaske kamfani yana iya ganin abin da nake yi a kwamfutar ofis?

Eh, yana iyawa. Kwamfutar tasu ce, intanet ɗin su suke biya, imel ɗin da sunan kamfani yake, kuma mutanen sashen kwamfuta suna da mabuɗin da ya fi naka. Amma fa iyawa daban, zama a yi ta kallonka daban. Mafi yawan wurare babu wanda yake zaune ya zuba wa allonka ido, na'ura ce take rubuta komai ta ajiye, ba wanda zai waiwaye shi sai ranar da wani abu ya faru ko kuma aka fara neman dalili a kanka. To a ranar ce za a buɗe, a ga na watanni da suka wuce.

To me da me suke gani takamaimai?

Ya danganta da abin da suka saka. Mafi ƙaranci shi ne sunan shafukan da ka shiga, da lokaci, da tsawon zaman da ka yi, da yawan data da ka ja. Wannan ko ƙaramin ofis mai mutum goma yana iya samu. Sama da haka akwai lokacin da ka kunna kwamfuta da lokacin da ka kashe, da manhajojin da ka buɗe, da fayil ɗin da ka kwafa a filash, da takardar da ka buga a firinta har da sunanta da yawan shafukanta.

Sai kuma manhajojin da aka yi su musamman don sa ido, irin su Teramind da ActivTrak da Hubstaff da Time Doctor. Wasunsu suna ɗaukar hoton allonka bayan 'yan mintuna, wasu suna auna motsin maus da madannai, akwai ma masu rubuta duk harafin da ka danna. Idan irin na ƙarshen nan aka saka to fasuwod ɗinka na banki ma yana iya shiga ciki, shi ya sa nake cewa kar ka taɓa buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ko asusun bankinka a kwamfutar aiki, ga wayarka a aljihu me ya kai ka.

Ai ina goge tarihin burauza kullum, wani lokacin ma da Incognito nake shiga. Ba shi ke nan ba?

Ina! Goge tarihi yana ɓoye wa wanda zai zauna a kujerarka bayan ka tashi ne kawai. Rubutun da nake magana a kai ba a cikin kwamfutarka yake ba, yana can a na'urar da duk intanet ɗin ofis yake bi ta cikinta kafin ya fita waje. Incognito, wato shafin sirri na burauza, shi ma haka, shi kansa Chrome in ka buɗe yana rubuta maka a fili cewa wurin aikinka ko makarantarka suna iya ganin abin da kake yi, mutane ne ba sa karantawa.

Wayata ce ta kaina amma ina hawa wayfai ɗin kamfani. Suna karanta WhatsApp ɗina?

Abin da ke cikin saƙon, a'a. WhatsApp yana kulle saƙo tun daga wayarka har wayar wanda ka tura wa, wanda yake tsakiya ba ya iya karantawa ko da shi ne mai wayfai ɗin. Abin da za su iya gani shi ne wayarka tana kan layinsu, tana magana da WhatsApp ko TikTok ko YouTube, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ta sha data kaza. A wurare da yawa ma da sunanka na aiki kake shiga wayfai ɗin, ka ga ba sai an yi dogon bincike ba a san wayar waye.

In kana son hankalinka ya kwanta ka kashe wayfai ka hau datarka ta STC ko Mobily ko Zain, nan kam kamfani ba shi da hanya. Sai dai in ka saka manhajarsu a wayar, wannan akwai amsarsa a ƙasa.

To in na buɗe WhatsApp ɗin ko Gmail ɗina a kwamfutar ofis fa?

Nan ne mutane suke faɗawa rami. Kullewar da na faɗa a sama tana kare saƙo ne a kan hanya, amma da zarar ya bayyana a allo to duk manhajar da take ɗaukar hoton allo ta ɗauke shi, hirarka da uwargida da ta 'yan gida a Kano duk sun shiga. Ban da wannan, manyan kamfanoni suna saka wata shaida tasu a cikin kwamfutocinsu wadda take ba su damar buɗe zirga-zirgar da aka kulle su duba sannan su sake kullewa, kai kuma kana ganin ɗan kwaɗon nan a saman burauza ka ɗauka kana cikin sirri. Wani abin kuma, mutum ya tashi dawam, wato lokacin aikinsa ya ƙare, ya manta bai fita daga WhatsApp ɗin ba, wanda ya karɓe shi aikin dare ya zo ya tarar da komai a buɗe, wannan a risafshan na otal ba sabon abu ba ne.

Imel ɗin aiki da hirar Teams fa, in na goge ya tafi?

Ka ɗauka bai tafi ba. Microsoft 365 da Google Workspace duk suna ba kamfani damar riƙe saƙonni ko bayan ma'aikaci ya goge, da bincika su da kalma ɗaya a duk akwatunan ma'aikata. Hirar mutum biyu a Teams, manhajar hirar aiki ta Microsoft, ita ma tana ciki. Don haka gulmar mudir da Hausa a Teams da tunanin ai ba ya jin yaren, wannan zamanin ya wuce, kwafa zai yi ya zuba a manhajar fassara.

Dokar ƙasar nan ta yarda da wannan kuwa?

Ta yarda da sa ido a kan kayan aiki, amma da iyaka. Abu uku ya kamata ka sani. Na farko, tsarin mulkin ƙasar na 1992, a sashe na 40, ya ce wasiƙu da hirar waya da sauran hanyoyin sadarwa abin karewa ne, ba a leƙa su ko a saurare su sai yadda doka ta tsara. Na biyu, dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 3, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ko duka biyun ga wanda ya yi leƙen asiri ko ya tare saƙon wani ba tare da hujjar doka ba, ko ya keta sirrin mutum da kyamarar waya. Wannan tana hawa kan mudir kamar yadda take hawa kanka.

Na uku kuma ita ce sabuwa, dokar kare bayanan mutum. An fitar da ita a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, aka ba kamfanoni shekara ɗaya su shirya zuwa Satumba 2024. Hukumar bayanai ta ƙasa, SDAIA, ita ce take kula da ita. Ta shafi duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo mai iƙama, wato takardar zama, duk ɗaya. A ƙarƙashinta dole kamfani ya kasance yana da dalili na halal na tattara bayananka, ya gaya maka dalilin, kar ya ɗebi fiye da abin da yake buƙata, kuma kana da haƙƙin ka nemi ganin bayananka da gyara su. Tarar saɓa mata tana iya kai riyal miliyan 5.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai wuraren da su ma dole aka yi musu. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda aka kafa a 2017, ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati da wurare masu muhimmanci su ajiye rubutun abin da ya gudana a na'urorinsu aƙalla wata 12. In kana aiki a irin wannan wurin ba wai mudir ne ya tsane ka ba, umarni ne daga sama.

Dole ne su sanar da ni kafin su fara?

Ya kamata, kuma galibi sun riga sun sanar, kai ne ba ka lura ba. Ka tuna ranar farko da aka tara maka takardu da Larabci da Turanci aka ce sa hannu nan, sa hannu nan, kana ɗokin an ɗauke ka aiki? A cikinsu akwai ta ƙa'idar amfani da kwamfuta. Wasu kuma duk safiya in ka kunna kwamfuta wani rubutu yake fitowa ka danna ka wuce. Ka koma ka karanta kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka nemi la'ihar aiki, wato takardar ƙa'idojin aiki ta kamfanin, dokar ƙwadago ta ce a ajiye ta inda ma'aikata za su gani.

Maganar sanarwa ba a nan kaɗai ake ja a kanta ba. Akwai shari'ar wani injiniya ɗan Romaniya, Barbulescu, da aka kora a 2007 don ya yi hira da ɗan'uwansa da budurwarsa a Yahoo Messenger na aiki, ya yi ta bin shari'a har 2017 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce an keta masa sirri, babban dalili shi ne ba a gaya masa tun farko irin zurfin sa idon ba. Hukuncin Turai ne, ba ya aiki a Jidda, amma tambayar da aka yi ita ce wadda kai ma za ka yi: an gaya mini, kuma har ina aka ce za a duba?

Malam, wannan ba shi ne tajassusin da Allah ya hana ba?

Ayar da ta hana leƙen asirin mutane tana nan a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma masu kawo ta suna da gaskiya a wani ɓangare. Mudir ya bi ma'aikaciya yana karanta hirarta ta gida, ko ya sa a tono masa abin kunyar wani don ya riƙe shi da shi, wannan bin diddigin asirin mutane ne, babu kwana-kwana. Amma mai dukiya ya duba yadda ake amfani da kayansa da lokacin da yake biya, bayan ya faɗa a fili zai duba, ni a ganina wannan tsaron amana ne, kamar mai shago a Batha da yake lissafin kaya da yamma. Mu ma kuma sai mu tuna awa 8 ɗin nan da ake biyanmu amana ce a wuyanmu. Fatawa dai ta malamai ce.

An ce in saka manhajar kamfani a wayata don in riƙa ganin imel. In yarda?

Ka tambaya wace iri ce tukuna. Akwai wadda take kula da manhajojin aiki kaɗai, kamar Outlook da Teams, akwai kuma wadda take karɓe ragamar wayar gaba ɗaya. A Android in an buɗe maka ɓangaren aiki daban, za ka ga manhajojin da alamar 'yar jaka, kamfani yana iko da wannan ɓangaren ne kawai, hotunanka da saƙonninka suna gefe. Microsoft Intune, wadda wurare da yawa suke amfani da ita, ba ta nuna musu hotuna ko saƙonni ko tarihin burauzarka, amma tana nuna irin wayar da sunan mai ita, kuma a wani tsarin suna iya goge wayar daga nesa. Shawarata in da hali ka sayi ƙaramar waya ta biyu ka bar wa aiki, ko su ba ka tasu.

Kyamara da basma fa, su ma sa ido ne ai.

Su ma ne. Dokar kyamarorin tsaro ta 2022 ta ce a kafa alama a nuna akwai kyamara a wurin, ta hana saka ta a banɗaki da ɗakin canza kaya da ɗakin duba marasa lafiya da wuraren gyaran jiki na mata, ta kuma hana yaɗa abin da kyamarar ta ɗauka ba da izinin hukuma ba, tarar yaɗawa riyal 20,000 ce. Wannan ta ƙarshen ku kula, masu gadi da 'yan risafshan, wani abin dariya ya faru a kyamara ka ɗauka da wayarka ka tura wa abokai, to kai ne ka shiga ciki.

Basma kuwa, wato na'urar dangwala yatsa lokacin shiga da tashi aiki, zanen yatsa da na fuska suna cikin bayanan da dokar kare bayanan mutum da na ambata a sama ta ɗauka masu tsananin sirri, ba a yarda a yi wasa da su ba. Direbobi da masu kai saƙo su kuma motar ce take faɗin inda suke, wannan kowa ya sani.

In na saka VPN ba na tsira ba?

VPN, wato manhajar da take ɓoye shafukan da kake shiga, a kwamfutar kamfani ma ba za ta sauku ba a yawancin wurare, in ta sauku kuma ita kanta shaida ce a kanka, don ana ganin ka kunna ta ko ba a ga abin da ke ciki ba, kuma ba ta hana hoton allo. Sannan akwai shafukan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta toshe, na batsa da na caca da makamantansu, tsallake katanga ka shiga irin waɗannan daga layin kamfani ya wuce matsalar ofis.

Za a iya korata don na kalli YouTube ko ƙwallo lokacin dawam?

Daga kallo ɗaya zuwa kora kai tsaye, da wuya. Dokar ƙwadago ta jera horo mataki-mataki: inzari wato gargaɗi, tara, hana ƙarin albashi, jinkirta ƙarin girma, dakatarwa, sannan kora. Tara a kan laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana 5, kuma ba a tuhumarka da laifin da aka gano shi fiye da kwana 30 da suka wuce aka yi shiru. Lokacin hutu da salla da cin abinci, wanda doka ta ce kar ya gaza rabin awa kuma kar ka yi awa 5 a jere ba tare da shi ba, naka ne. Amma in an yi maka inzari a rubuce ka ci gaba, to ka ba su igiyar da kanka.

To me ya fi jawo wa mutane kora ta wannan hanyar?

A abin da nake gani, abu biyu, kuma ba kallon bidiyo a ciki. Na farko fitar da bayanan kamfani. Mutum yana aiki a kamfanin Umra, ya tura wa kansa jerin sunayen alhazai da lambobin fasfo da farashin otal zuwa Gmail ɗinsa, wai zai ƙarasa aiki a gida, ko kuma a zuciyarsa yana shirin buɗe nasa da wani abokinsa. Akwai manhajar da aikinta ke nan, ta ga fayil mai lambobin fasfo ya nufi waje ta buga ƙararrawa. Tona sirrin aiki yana cikin sashe na 80 na dokar ƙwadago, wanda yake ba da damar kora ba sanarwa ba kuɗin ƙarshen aiki. Ka lissafa, rabin albashin wata a kowace shekara ta 5 ɗin farko, cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan, mutum ya yi shekara 12 ya tashi a tutar babu saboda fayil ɗaya.

Na biyu rubutu da ɗaukar hoto. Ka ɗauki bidiyon baƙo a otal, ko mara lafiya a asibiti, ko ka zagi mudir da sunansa a Facebook ko TikTok, wannan ko da wayarka da datarka ka yi, ɓata suna yana cikin sashe na 3 na dokar laifukan intanet da na kawo a amsar doka, sashe na 6 kuma, na abin da ya taɓa tarbiyya da addini da zaman lafiyar jama'a, yana kai shekara 5 da riyal miliyan 3. Ga mai iƙama kuma kowa ya san abin da yake biyo bayan irin wannan. A nan ba a ɗaukar rubutun intanet da wasa kamar yadda muka saba a gida.

Daga gida nake aiki, akwai ɗan abin da yake motsa maus don a ga kamar ina nan. Ana ganewa?

Ana ganewa. Maus yana ta yawo awa 3 ba harafi ɗaya da aka rubuta, ba fayil da aka buɗe, ai ba sai an kira boka ba. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata sama da 12 a kan kwaikwayon aiki irin wannan. Kuma a lura, laftof ɗin kamfani ko a ɗakinka yake a Sharafiyya dokar ofis ce a kansa, kar a ba yara su yi wasa da shi, kar uwargida ta shiga kasuwancinta da shi.

An kira ni bincike, an ce an ga abu a kwamfutata. Yaya zan yi?

Kar ka koma ka hau goge-goge, gogewar ma ana rubuta ta kuma ta fi laifin farko muni. Ka nemi a ba ka tuhumar a rubuce, doka ta ce ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi a rubuce an ji ta bakinsa an rubuta, ko a sashe na 80 ma sai an ba ka dama ka faɗi uzurinka. Ka tambaya kwamfutar kai kaɗai kake hawa ko ku da yawa ne, fasuwod ɗin akwai wanda ya sani, lokacin da aka ce an yi abin kana dawam kuwa, basma za ta nuna. Kar ka sa hannu a takardar Larabci da ba ka fahimta ba, musamman in ta yi kama da ta ajiye aiki, ka ce a ba ka lokaci wani ya karanta maka. Kuma kar ka naɗi muryar mudir a ɓoye ka yaɗa, sai reshe ya juye da mujiya.

In ba a daidaita ba, akwai layin ma'aikatar ƙwadago 19911, akwai zaman sulhu da ake fara yi, in bai yiwu ba cikin kwanakin aiki 21 sai a miƙa kotun ƙwadago. Masu aikin gida da direbobin gida su tsarinsu daban ne.

Ni ne mai ɗan ofishin, ina da ma'aikata 6. Ta ina zan fara?

Alhaji, ka fara da takarda shafi ɗaya, da yaren da suke ji, ka faɗi me aka yarda a yi da kwamfutar, me ake dubawa, wa yake da ikon dubawa, kowa ya sa hannu. Kowa da sunansa da fasuwod ɗinsa, ban da fasuwod ɗaya na kowa da kowa, don ranar da abu ya ɓace ba za ka san wa za ka kama ba. Toshe shafukan da ba ka so ya fi sauƙi da arha a kan bin kowa kana leƙe. Manhajar rubuta haruffa kuwa ka bar ta, za ta tara maka sirrin mutane da fasuwod ɗinsu wanda in ya fita kai doka za ta tambaya. Wayoyinsu na kansu babu ruwanka da su.

Zan bar aiki wata mai zuwa, me zan yi da kwamfutar kafin in mayar?

Ka fita daga duk asusunka na kanka, ka cire fasuwod ɗin da burauza ta ajiye, ka shiga WhatsApp a wayarka wurin na'urorin da aka haɗa ka cire ta ofis. In ka taɓa yin rajistar banki ko wani abu naka da imel ɗin aiki ka canza tun yanzu, don ranar da ka fita za a rufe shi. Hotunanka da takardunka na kanka ka gaya wa mutanen sashen kwamfuta kana son kwashewa, su tsaya a yi a gabansu, saboda makonnin ƙarshen nan su ne lokacin da aka fi duba abin da ma'aikaci yake kwafa, ka koma amsar da na yi kan fitar da bayanai. Kar ka yi wa kwamfutar wankin gaba ɗaya da kanka, aikin da ke ciki nasu ne. In ka miƙa ta ka karɓi takardar shaidar ka mayar, da caja da jaka da komai a rubuce, ka ajiye ta tare da takardar sallamarka.